Tsai Lun Mai Takarda

Can gabas mai nisa, bayan an wuce ƙasar Larabawa, an wuce ta Farisa da ta Hindu, akwai wata babbar ƙasa da a ke kira Sin. Mutanenta su ne Sinawa. Sun daɗe ƙwarai da sanin karatu da rubutu da tsarin mulki. A cikin wannan darasi za ku ji labarin wani mutuminsu mai suna Tsai Lun, wanda ya yi zamani kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Shi ba sarki ba ne, ba kuwa ɗan sarki ba. Bara ne na cikin gidan sarauta. Amma har yau ba a manta da sunansa ba, domin a hannunsa aikin takarda ya kankama, irin wannan da aka buga littafinku a kanta. Labarinsa yana da daɗi, yana kuma da ban tausayi, gama ya yi wa duniya alheri babba, ya kuma aikata wani mugun abu wanda ya bi shi har ƙarshen ransa.

Wane ne Baba?

Tsai Lun baba ne. Kun san baba na uba, kun kuma san baba da a ke rini da shi. To, akwai baba na uku, wanda jam'insa babanni. Shi ne namijin da aka dandaƙe, yawanci tun yana yaro, har ya zama ba shi iya aure balle haihuwa. Wannan mugunyar al'ada ce ta mutanen dā, an kuwa yi ta a ƙasashe da yawa. Ko a nan ƙasar Hausa, tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya ba babanni sarautu a fadarsa.

Sarakunan Sin sun tara babanni saboda dalili biyu. Na fari, cikin gidan sarki cike ya ke da mata, ba a kuwa yarda wani namiji baligi ya shiga can ba sai sarki kaɗai. Saboda haka babanni su ke tsaron ƙofofi, su kai abinci, su kai saƙo. Na biyu, sarakuna suna ganin wanda ba shi da ɗa ba zai yi kwaɗayin ƙwace gadon sarauta don zuriyarsa ba, sai suka amince da su fiye da 'yan'uwansu na jini.

Amma fa mai kai saƙo tsakanin sarki da fadawansa ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ke zaɓen wasiƙar da zai fara miƙawa, shi ke sanin lokacin da ran sarki ya ke fari da lokacin da ya ɓaci. In kuwa ya iya karatu, duk asirin ƙasa yana bi ta hannunsa. Ta haka ne babanni masu ilmi suka sami ƙarfi a fadar Sin.

Shigarsa Fada

An haifi Tsai Lun wajen tsakiyar ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, a wani gari na kudancin Sin da a ke kira Leyang, cikin lardin da a yau a ke ce da shi Hunan. A lokacin nan gidan sarautar Han ke mulki. Babban birninsu Loyang ne, yana arewa da garinsu Tsai Lun da tafiyar fiye da kilomita 900, sai an ƙetare babban kogin Yangtse kafin a kai. Mutanen da ke ƙarƙashin sarkin Han sun fi miliyan 50.

Ya fara aiki a fada wajen shekara ta 75, a ƙarshen zamanin Sarki Ming. Yaro ne mai kaifin hankali da natsuwa, ya kuma sami ilmi mai zurfi. Kada ku ɗauka karatun Sinawa abu ne mai sauƙi. Mu da baƙaƙe kaɗan mu ke rubuta duk abin da mu ke so, ko da boko ko da ajami. Su kuwa Sinawa ba su da abacada. Kowace kalma da tata alama, sai mutum ya haddace su ɗaya bayan ɗaya. Wani malami da ya yi zamani da Tsai Lun ya tattara alamun nan cikin ƙamus, suka kai 9,353.

Da Sarki Jang ya hau gado, sai aka ba Tsai Lun aikin ma'aikacin Rawayar Ƙofa, watau ƙofar da ta raba cikin gida da zaurukan fada. Shi ke karɓar wasiƙun hakimai da waziran sarki ya shiga da su, ya kuma fito da umurni. Nan ne ya fara sanin ciki da wajen sarauta, nan ne kuma ya faɗa cikin abin da ya ɓata masa suna.

Makircin Kishiyoyi

Uwargidan Sarki Jang, Sarauniya Dou, ba ta sami ɗa ba. Wata matar sarkin mai suna Sung ita ta haifi ɗan da aka naɗa mai jiran gado, sunansa Liyu Cing. Wannan abu ya tsaya wa Sarauniya Dou a rai. Ta san in yaron nan ya zama sarki, uwarsa da danginta su za su riƙe ƙasa. Sai ta karɓi ɗan wata kishiyarta dabam ta goya shi, ta shiga neman hanyar da za ta bi ta ɗora shi a kan gado.

Ana nan sai Sung ta yi rashin lafiya, ta rubuta wa danginta wasiƙa su aiko mata da wani abu da ta ke marmari. Mutanen Sarauniya Dou suka kama wasiƙar a hanya, aka juya maganar, aka ce kayan sammu ta ke nema. Sarki ya gaskata. A shekara ta 82 aka tuɓe Liyu Cing daga jiran gado, yana ɗan shekara huɗu, aka sa ɗan goyon Sarauniya Dou a madadinsa. Aka tsare Sung tare da ƙanwarta, aka sa Tsai Lun ya bincike su.

A nan ne Tsai Lun ya bi son ran mai iko, ya bar gaskiya. Ya matsa wa matan nan biyu, ya kai rahoto cewa laifi ya tabbata a kansu. Da suka ga ba mafita, sai suka sha guba suka mutu. Sarauniya ta sami abin da ta ke so, Tsai Lun kuma ya sami shiga wurinta. Yaron da aka raba da uwarsa kuwa ya girma da abin a zuciyarsa.

Mashawarcin Sarki

Sarki Jang ya rasu a shekara ta 88. Ɗan goyon nan ya hau gado yana ɗan shekara tara, aka kira shi Sarki Ho. Da ya ke yaro ne, Sarauniya Dou ita ta riƙe masa ƙasa, 'yan'uwanta maza kuma suka cika fada, suna yin abin da suka ga dama. Aka ɗaukaka Tsai Lun ya zama ɗaya daga cikin manyan mashawartan cikin gida, waɗanda ke zama kusa da sarki a kullum.

A shekara ta 92 Sarki Ho ya gaji da danniyar dangin Dou. Ba shi da wanda zai yi shawara da shi a asirce sai babanni, domin su kaɗai ke kwana su tashi tare da shi. Wani baba mai suna Jeng Jung ya taimake shi, aka kama 'yan'uwan sarauniya, aka karya ƙarfinsu. Tun daga ran nan babanni suka shiga sha'anin mulki da ƙafa biyu. Shi Tsai Lun guguwar ba ta taɓa shi ba, ya ci gaba da aikinsa.

Masu tarihin Sin sun yabe shi da kula da aiki da kuma ƙarfin hali. Sau da yawa ya kan gaya wa sarki kuskurensa a gaban idonsa, ko da ran sarki zai ɓaci. Ma'aikatan Han su kan sami hutun kwana ɗaya bayan kowane kwana biyar. In ranar ta zo, Tsai Lun ba ya karɓar baƙi. Sai ya rufe ƙofarsa, ya fita bayan gari ya yi ta yawo cikin gonaki.

Bayan wannan aka ƙara masa wani aiki, aka sa shi shugaban ma'aikatar fada, inda maƙera da masassaƙa da sauran masu sana'a ke yi wa sarki kaya. A shekara ta 97 ya lura da ƙirar takubba da waɗansu kayan aiki, suka fito da kyau da ƙwari, har na baya suka riƙa koyi da su. A wannan ma'aikata ce ya juya hankalinsa ga abin rubutu.

Gora da Siliki

A zamanin nan Sinawa a kan abu biyu su ke yawan rubutu. Na ɗaya shi ne gora ko itace. A kan tsaga gora siri-siri, a kankare, a rubuta layi ɗaya a kan kowane tsagi daga sama zuwa ƙasa, sa'an nan a ɗaure su da igiya, a naɗe kamar asabari. Ku dubi allonku, ku tuna nauyinsa, sa'an nan ku ƙaddara littafi guda an rubuta shi a kan alluna ɗari. Haka littattafansu su ke. Malami in zai yi ƙaura sai ya nemi keken shanu don littattafansa. An ce wani sarkin Sin na can dā a sikeli a ke auna masa wasiƙun da zai karanta kowace rana, nauyinsu wajen kilo 30. In kuwa igiya ta tsinke, sai layuka su hargitse, a rasa na gaba da na baya.

Abu na biyu shi ne siliki. Shi ba shi da nauyi, yana kuma shan tawada da kyau, amma tsadarsa ta hana talaka kusantarsa. Ga gora da arha amma da nauyi, ga siliki ba nauyi amma da tsada. Tsai Lun kuwa ya san wahalar nan sarai, tun da shekara da shekaru shi ke ɗaukar ɗaurin gora yana kai wa sarki.

Yadda Aka Yi Takarda

Tun kafin a haife shi akwai waɗansu Sinawa da ke yin wata irin takarda mai kaushi da zaren rama. Masu haƙa kufai sun tono guntayenta. A shekarar 1986 an sami wani guntu a cikin wani tsohon kabari a lardin Gansu, da zanen taswira a kansa, wanda ya girmi Tsai Lun da kamar shekara ɗari biyu. Amma irin wannan takarda ba ta yaɗu ba, an fi yin ƙunshi da ita. Abin da Tsai Lun ya yi shi ne ya gyara aikin, ya samo kayan haɗi masu arha, ya fitar da takardar da za a iya rubutu a kanta, a kuma yi ta da yawa.

Kayan da ya haɗa guda huɗu ne: ɓawon itace, da ragowar rama, da tsummoki, da tsofaffin tarun kamun kifi. Ku lura, duk abubuwa ne da a ke zubarwa a juji. Ga yadda masu sana'ar nan na Sin su ke yi. Da fari a yayyanka kayan, a jiƙa su cikin ruwa har su yi laushi. Sa'an nan a dafa su da ruwan toka, a wanke, a zuba a turmi a yi ta kirɓawa har zaren ya rabu, ya zama kamar ƙullu. Sai a dama ƙullun nan cikin babban kwarami na ruwa, ya yi tsararo kamar koko. Daga nan a kawo wani abu mai kama da rariya, mai kusurwa huɗu, a tsoma a ɗago a hankali. Ruwa ya tsiyaye, zaren ya kwanta a kai fale-fale, ya sarƙe da juna. In ya bushe a ɓamɓare, ga takarda ta samu.

A shekara ta 105, watau fiye da shekara 500 kafin Hijira, Tsai Lun ya kai wa Sarki Ho wannan takarda. Sarki ya yi murna, ya yaba masa ƙwarai. Daga nan aikin ya bazu cikin ƙasa. Ba a bar gora rana ɗaya ba, sai da aka yi wajen shekara ɗari uku ana amfani da su tare, kafin takarda ta kore ta sarai.

Sarauniya Mai Son Karatu

Ba a daɗe ba Sarki Ho ya rasu, ya bar jariri a kan gado. Jaririn bai cika shekara guda yana sarauta ba shi ma ya rasu, a shekara ta 106. Uwargidan Sarki Ho, Sarauniya Deng, ita ta riƙe ƙasa. Mace ce mai ilmi, tun tana yarinya ta fi son littafi da kayan ado. Sa'ad da ta zama uwargida ta hana larduna aiko mata da kayan alatu, ta ce takarda da tawada sun ishe ta gaisuwa. Da ya ke mace ce, ba ta zama cikin fadawa maza kullum, sai babanni suka zama su ne bakinta da kunnenta.

Ta girmama Tsai Lun matuƙa. A shekara ta 114 aka ba shi sarautar Lungting, aka ba shi gidaje 300 su riƙa biyansa haraji. Sarautar nan a ke kira Hou da harshensu, saboda haka mutane suka riƙa kiran takardarsa takardar Tsai Hou. Aka kuma ba shi wani aiki mai nauyi. Littattafan malaman dā duk da hannu a ke juyarsu, kurakurai kuwa sun yi yawa a ciki. Sai aka tara manyan malamai a ɗakin littattafan fada su gwada wannan da wancan su gyara, aka sa Tsai Lun ya shugabanci aikin. Ku duba, wanda ya shigo fada yana yaron aike, ga shi yau yana lura da aikin shaihunan ƙasa.

Ƙarshensa

To, amma wa Sarauniya Deng ta ɗora a kan gado bayan jaririn nan ya rasu? Wani yaro ne ɗan shekara goma sha biyu, wanda aka kira Sarki An. Ubansa kuwa shi ne Liyu Cing, yaron nan da aka tuɓe daga jiran gado. Watau sabon sarki jikan Sung ne, matar da Tsai Lun ya tabbatar wa laifin da ba ta yi ba.

Muddin Sarauniya Deng na da rai ba abin da ya sami Tsai Lun. Shekara goma sha biyar yana yi wa Sarki An aiki, yana faɗuwa yana gaishe shi, kowannensu kuwa ya san abin da ke tsakaninsu. A shekara ta 121 sarauniya ta rasu, mulki ya koma hannun sarki. Nan da nan ya tono maganar kakarsa, ya aika wa Tsai Lun da umurni ya kai kansa gaban alƙalai. Shekara 39 ke nan da mutuwar Sung, amma rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Tsai Lun ya tsufa, ya yi wa sarakuna biyar aiki cikin shekara 46. Ya ga ba zai iya ɗaukar wulakancin kurkuku ba. Sai ya yi wanka, ya sa tufafinsa na sarauta, ya sha guba ya mutu, irin mutuwar da matan nan biyu suka yi. Aka soke sarautarsa. Abin da mutum ya shuka shi zai girba. Ilminsa da hikimarsa sun kai shi inda 'ya'yan sarakuna ba su kai ba, amma ba su wanke shi daga shaidar zur guda ɗaya ba. Duk da haka mutanen Sin ba su manta da alherinsa ba. Masu yin takarda suka ɗauke shi uban sana'arsu, kabarinsa kuma yana Lungting, cikin lardin Shanshi, ana zuwa ziyara.

Babanni Bayan Tsai Lun

Bayan mutuwarsa ƙarfin babanni ya yi ta ƙaruwa, har suka riƙa naɗa sarki da hannunsu. Gaba mai tsanani ta shiga tsakaninsu da malamai da sarakunan yaƙi. A shekara ta 189 sojoji suka faɗa fadar Loyang suka kashe babanni fiye da 2,000, ba a kuwa daɗe ba daular Han ta wargaje.

Sarakunan baya sun yi ta jayayya da wannan al'amari: a bar babanni su yi karatu, ko a hana su? Sarkin da ya kafa gidan sarautar Ming a 1368 ya hana su karatu da sa baki cikin mulki. Amma aikin wasiƙu ya fi ƙarfin sarki shi kaɗai, sai ga wani daga cikin zuriyarsa ya buɗe musu makaranta a cikin fada a 1426. Waɗansunsu sun ci amana, waɗansu kuwa sun yi aikin kirki, kamar Jeng Ho, wani baba Musulmi wanda ya ja rundunar jiragen ruwa sau bakwai tsakanin 1405 da 1433, har jiragensa suka kai gaɓar Afirka ta gabas. Sarautar Sin ta ƙare a 1912, al'adar yin babanni kuma ta bi ta.

Tafiyar Takarda

Daga Sin sana'ar takarda ta shiga Koriya da Japan. Ta yamma kuwa ta kai birnin Samarkand a ƙarni na takwas, daga can ta isa Bagadaza a zamanin Halifa Haruna Rashid. Musulmi suka karɓe ta hannu biyu, littattafai suka yawaita, aka buɗe kasuwannin masu sayar da takarda. Sana'ar ta bi ta Sham da Masar da Fas, ta ƙetare zuwa Andalus, sa'an nan Turawan Italiya suka koya a ƙarni na goma sha uku, fiye da shekara dubu bayan Tsai Lun.

Mu kuwa fatake ne suka riƙa kawo mana ita a kan raƙuma, ta hamada, daga Tarabulus. Baturen nan matafiyi, Barth, da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana sayar da ita a kasuwa. Yawancinta ta Italiya ce, mai alamar jinjirin wata uku. In wani malami a garinku yana da tsohon littafi rubutun hannu, ku roƙe shi ya ɗaga muku warka ɗaya wajen hasken rana, watakila ku ga alamar nan a ciki. Yau injuna ke yin takarda da itace, dubban warƙoƙi cikin ɗan lokaci kaɗan, amma hanyar ba ta sāke ba: a narka zare cikin ruwa, a tace, a shanya.

Tambayoyi

1. Don me sarakunan Sin suka tara babanni a gidajensu?
2. Yaya iya karatu ya ƙara wa babanni ƙarfi a fada?
3. A kan me Sinawa su ke rubutu kafin takarda ta yaɗu? Faɗi aibin kowanne.
4. Lissafa abubuwa huɗu da Tsai Lun ya haɗa ya yi takarda.
5. Wane laifi Tsai Lun ya yi a shekara ta 82, me kuma ya jawo masa a shekara ta 121?
6. Nemi taswirar duniya, ka nuna hanyar da takarda ta bi daga Sin har Kano.